Abin da Na Ɗaga da Abin da Na Ƙi Ɗagawa

Miƙo wayar nan, Laminu, in ga abin da kuka taru kuna kallo. Ai na san ta. Wannan tashar da jirgin ƙasa ke tsayawa a kanta bisa kawunan mutane, a Legas take, kuma azarun kankaren da ke ɗauke da ita, da yawansu da hannun nan nawa aka ɗora su. Ku yi dariyarku. Tun safe muke zaune a bakin titin nan na unguwar Hajara a Sabha muna jiran mai neman ma'aikata, tun safe kuma kuke cewa aikin Baba Isufu ba aiki ba ne, ɗaga hannu ne da busa usur, kiren, injin ɗaga kaya, shi ke shan wahala. Tunda yau ko mota ɗaya ba ta tsaya ba, ku matso inuwa ku ji yadda ake ɗaga hannun.

Ni mutumin Tasawa ne. Na sauka Legas ina saurayi kamarku, ina dakon buhuna a bakin tashar jiragen ruwa. Wanda ya cire ni daga ƙarƙashin buhu wani Bayarabe ne, Baba Rasaki, wanda ya taɓa zama Kano har yana jin Hausar kasuwa. Sana'arsa a can ana ce mata riga, amma ba ta sawa ba. Shi ke ɗaure kaya, ya maƙala su a ƙugiyar kiren, sannan ya tsaya inda direba ke ganinsa ya ba shi hannu. Hannunsa na hagu yatsa uku ne kawai. Ranar farko ya kawo shi daidai hancina ya ce, "Yaro, ka gani? Waya ya ci. Ni na sa hannu tsakanin waya da kaya. Kai ba za ka sa ba."

Aikin farko da ya ba ni tsumma ne da gwangwanin giris. Damina guda ban taɓa ƙugiya ba. Igiyoyin ƙarfen nan da muke kira waya, su nake shimfiɗawa a ƙasa, in naɗe tsumma a hannu, in bi su daga kai zuwa kai. Inda tsumma ya maƙale, silin ƙarfe ya tsinke a wurin, wayar ta fara mutuwa ke nan, ko da ido bai gani ba. Daga nan ya koya mini sarƙa, da bel mai faɗi na kayan da ba a so su kuje, da shakul, wani ƙarfe mai siffar kofaton doki da kusa mai murɗawa, wanda ke haɗa waya da kaya. Ya koya mini katakan da ake shimfiɗa wa ƙafafun kiren, domin ƙasa tana iya yi maka ƙarya, ta nuna tauri a sama alhali rami ne a ƙarƙashi. Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne gano cibiyar kaya. Kowane kaya yana da inda nauyinsa ya taru, kuma ba kullum a tsakiya yake ba. Shi ya sa ba a fizgar kaya sama. Ana ɗaga shi kamar taki guda, a tsaya, a kalle shi. In ya karkata a sauke a sake ɗauri, ko da mai kayan yana zagin uwarka.

Sai abu na ƙarshe, wanda kuke wa dariya. Direban kiren sau da yawa ba ya ganin kayan da yake ɗauke da su. Gini ya tare shi, ko rana tana idonsa. Hannunka kawai yake gani. Ka juya yatsa sama ya ɗaga, ka juya ƙasa ya sauke, ka dunƙule hannu ya tsaya cak. In ƙuda ya sauka maka a fuska ba ka da ikon kore shi.

Ranar da muka ɗora azarar farko a kan tashar nan, Lahadi ce da safe. Unguwar cunkushe take. An kafa ginshiƙai a tsakiyar titi, dama da hagu kasuwa ce, sama da shagunan kuma gidajen haya, har akwai wani tela da barandarsa ke daidai inda jirgin zai riƙa tsayawa. 'Yan sanda suka tare hanya, aka ja igiya, aka kori masu talla. Azarar ta zo a kan wata doguwar tirela da sai da ta yi ta gaba da baya kafin ta shiga layin. Kiren ɗaya ba ya iya ɗaukarta, sai biyu, kowane ya kama kai ɗaya. Direbobin ba sa ganin juna, don haka hannu ɗaya za su bi. Baba Rasaki a lokacin ya tsufa, idonsa ya fara hazo. Ya cire usur daga wuyansa ya rataya mini, ya koma gefe.

Na hau kan ginshiƙi. Na ba da hannu, azara ta tashi taki guda, na tsayar, ta zauna daidai. Na ci gaba. Ta wuce tsayin shaguna, ta fara juyawa a hankali zuwa inda za ta kwanta, iska daga bakin ruwa tana ɗan tura ta, masu riƙe igiyar jagora a ƙasa suna ja da baya. A nan ne na hangi wata mata ta sunkuya ta ƙarƙashin igiyar 'yan sanda da daro a kanta. Iya Basira ce, mai soya kifi, wadda aka tayar daga wurinta tun ranar da aka fara haƙa ramin ginshiƙai. Ta zo daidai inda rumfarta take a da, ta sauke daro, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. Inda ta zauna nan ne azarar za ta bi ta sama.

Na dunƙule hannu, na busa usur. Kiren biyu suka tsaya.

Oba-oba, rediyon magana da ke ƙuguna, ta fara ihu, manya suna tambayar abin da ya faru. Ban amsa ba, don amsawa sai da hannu, hannuna kuwa yana sama. In na sauke shi, ɗaya daga cikin direbobin zai iya ɗauka umarni ne ya motsa, ɗayan bai motsa ba, azara ta zame. 'Yan sanda suka nufi matar da kulake, sai matan kasuwa suka yi caa a bayan igiya, kowa ya ga in aka taɓa ta unguwar gaba ɗaya za ta shigo ƙarƙashin kayan. Kafaɗata ta fara zafi, daga zafi ta koma ba na jin ta.

Baba Rasaki ne ya taka a hankali har gabanta. Ya durƙusa, tsoho da furfurarsa, ya yi mata magana da Yarabanci. Ta kau da kai. Ya sake magana, ta sake kau da kai. Sai kawai ya ɗauki daron kifin ya ɗora bisa hular kwanonsa, ya juya yana tafiya yana karairaya irin ta 'yan talla, yana kiran masu sayen kifi. Unguwa ta fashe da dariya. Iya Basira ta miƙe ta bi kifinta tana zaginsa, ita ma tana dariya. Da ta fita daga igiya na buɗe hannu. Azara ta ƙarasa juyawa, na riƙa murza yatsu a hankali, a hankali, har ta zauna a kan robar da aka shimfiɗa mata, ba ko ƙara. Telan nan ya yi ta tafi daga barandarsa. Ni kuwa sai da aka taimaka mini na sauko daga tsani, hannun ya ƙi lanƙwasuwa.

Mun daɗe a wannan tasha. Mun ɗora ƙarafan rufi, mun ɗora matakalu, kowace sai an zura ta tsakanin wayoyin lantarki da rufin shagunan mutane. Iya Basira ta samu wuri a gindin wani ginshiƙi inda inuwa ba ta tashi, kullum sai ta ajiye mana kawunan kifi. Daga baya aiki ya tsaya, aka sallame mu. Baba Rasaki ya rasu, Allah ya jiƙansa. Na koma gida, gona ba ta riƙe ni ba, na biyo hanyar Agadas na zo nan. Ina Sabha aka buɗe tashar. Ban taɓa hawa jirgin ba, kuma ba na jin zan hau. Duk wanda ya hau, bisa ɗaurina ya hau.

A nan na haɗu da Usta Miftahu, wancan da ke zaune a inuwar motarsa yana dafa shayi. Usta a nan shi ne gwanin da ake bin umarninsa a wurin aiki. Shi Miftahu Balibiye ne, ɗan garin Zighan, kuma tsohon kiren ɗin nan nasa ne, wanda mutanen garin nan ke kira winshi. Aikin Sabha ba irin na Legas ba ne. Tankin ruwa a kai saman gida, janareto, buhunan siminti a shantiye, wato wurin gini, wani lokaci bishiyar dabino da aka tono da saiwarta za a dasa a ƙofar gidan mai kuɗi. Dabino da bel ake ɗaure shi, kuma a lura da kansa, don in zuciyar da ke tsakiyar ganyen ta karye, zai tsaya kore na ɗan lokaci sannan ya bushe. Mun taɓa fitar da raƙuma daga ramin masai a unguwar Sukra, tana kuka mai ita yana kuka. Masu kaya kuma duk halinsu ɗaya. Ka tambayi nauyi, su ce maka, "Hafif, hafif," wai ba nauyi. Ban taɓa haɗuwa da mai kayan da ya ce kayansa na da nauyi ba.

Sai shekarar da faɗa ya shigo cikin gari. Gini ya tsaya cak. Aikin da ya rage wa winshi shi ne tare hanya: masu bindiga su zo su tasa ku gaba, ku jera musu kwantena ko tubalan kankare a bakin unguwa. Wanda ya ƙi a karɓe masa mota. Mun jera wa waɗannan, mun jera wa waɗancan.

Wata rana da tsakar rana, cikin tsananin zafi, mutum uku suka zo a a-kori-kura suka ce mu bi su. Babbansu suna ce masa Afandi, dogo ne, da tabon ƙuna daga kunne zuwa wuya. Suka kai mu wani fili mai katanga a bayan gari. Kwantena ɗaya ce a ciki, da tirela tana jira. Ana jin ƙarar harbi daga nesa, kuma tana matsowa. Afandi ya ce a ɗora kwantenar a kan tirela, maza.

Na kafa tsani na hau da sarƙoƙi don in kama kusurwoyi huɗu. Rufin ya yi zafin da nake ji ta cikin takalmi. Na lura an huda shi da ƙananan ramuka, wani wari kuma yana fitowa. Na durƙusa a kusurwar farko na ce bisimilla, kamar yadda na saba, na ƙara da, "Allah ka sa mu sauke lafiya." Sai na ji an ƙwanƙwasa ƙarfen daga ƙarƙashin gwiwata. Wata murya a shaƙe ta fito ta ramin, da Hausa.

"Bawan Allah, Bahaushe ne kai? Don Allah ruwa. Muna mutuwa."

Na ajiye sarƙar a inda take, na sauko. Na je gefen Miftahu na gaya masa a hankali. Sai ya cire hannunsa daga kan sandunan tuƙin ƙugiya.

Afandi ya taho. "Me ya tsayar da ku? Irfa!" Wato ɗaga.

Na ce masa da Larabcina na kasuwa, "Akwai mutane a ciki."

Ya ce, "Kaya ne. Kayana."

Na ce, "Akwatin nan a rufe, a kan tirela, cikin ranar nan, kafin ku kai inda za ku babu mai rai a ciki. Ka buɗe. Ni ba na ɗaga wannan."

Ya yi dariya, ya sa ɗaya daga cikin mutanensa ya hau ya maƙala sarƙoƙin yadda ya ga dama. Sannan ya juya ga Miftahu ya ce ya ɗaga. Miftahu ya murɗa makulli ya kashe injin, ya ɗora hannuwansa a kan cinya.

Ya ce, "Ni ba na ganin kaya. Hannunsa nake gani. Tunda muka haɗu ban taɓa motsa ƙugiya ba sai da hannunsa."

Afandi ya dube ni. "Wane hannu?"

Na ɗaga na dama, a dunƙule.

Mutum biyun suka kama ni, suka danna hannun a kan ƙafar kiren. Afandi ya sauke gindin bindiga a kan hannun. Bai tsaya a bugu ɗaya ba. Na ji ƙasusuwan suna ba da ƙara kamar ana taka busasshen kara. Da suka sake ni na faɗi a gwiwa, na yi amai. Afandi ya koma ga Miftahu ya ce, "To, yanzu babu hannu. Irfa."

Na dafa tayar mota na miƙe. Na matsa inda Miftahu ke ganina sosai, na ɗaga hannun hagu, na dunƙule shi.

Ban san abin da zai biyo baya ba, kuma ba zan ce muku ban ji tsoro ba. Afandi ya ɗana bindigar. Abin da ya raba mu roka ce da ta faɗi bayan katanga, har ƙasa ta zubo mana a kai. Direban tirela ya tayar da mota yana ihu cewa shi tafiya zai yi, da kaya ko babu. Afandi ya ga ko ya harbe mu babu mai tuƙa masa winshi a cikinsu. Ya tofar da yawu, ya ciro makulli ya buɗe kwantenar.

Sun fi ashirin, maza da mata. Wasu da rarrafe suka fito. Aka kora duk mai iya tsayawa zuwa bayan tirelar, a buɗe, suka tafi da su. Kada wani a cikinku ya je yana cewa Baba Isufu ya 'yanta mutane. Ban 'yanta su ba, kuma har yau ban san inda aka kai su ba. Sun dai bar filin nan suna shaƙar iska.

Mutum uku aka bari a ƙasa, don ba su da amfani a wurin Afandi. Ɗaya ya riga ya cika. Ɗaya mace ce da ba ta jin Hausa ba ta jin Larabci. Na ukun shi ne mai muryar, Habu, ɗan Dogon Dutsi. Miftahu ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya kwantar a bayan winshi, ya jiƙa musu leɓe da ruwan gorarmu, ya rufa musu tamfol. Bai nufi cikin gari ba, ya kama hanyar Zighan, gonar mahaifinsa. A can muka yi wa mamacin salla muka binne shi a gefen gona, ba mu san sunansa ba. Wani tsoho maɗori ya jera mini ƙasusuwan yadda ya iya, ya ɗaure da sandunan reshen dabino. Mahaifiyar Miftahu ta ɗauki matar ta shigar da ita ɗakinta, tana ba ta madara da cokali har ta tashi. Habu ya warke ya yi musu aikin tsinkar dabino na kakar nan, sannan ya ce shi ya ga arewa ta ishe shi, ya juya gida. Matar ta bi ayarin da ya bi.

Ga hannun, ku duba da kyau. Yatsu biyun nan ba sa miƙewa, wannan kuma ya kalli gefe. Da muka dawo aiki na ce wa Miftahu ya nemi mai lafiyayyen hannu. Ya ce shi wannan ya iya karantawa.

Bara, da gari ya lafa gini ya dawo, wata farar mota mai sanyi ta tsaya a daidai inda kake zaune, Laminu. Samari suka yi kanta da gudu kamar yadda kuke yi. Mai motar ya sauke gilashi, farar jallabiya, ƙamshin turare, ya yi ƙiba. Ya ce winshi yake nema, zai ɗora babban janareto a saman sabon gidansa a Sukra, kuma zai biya yadda aka ce. Da ya juya kai na ga tabon, daga kunne zuwa wuya. Shi bai gane ni ba. A wurinsa duk fuskarmu ɗaya ce.

Na taka har bakin tagar, na ɗora hannun nan a kan ƙofar motarsa. Ya kalle shi. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ban gane ba, ya Hajji."

Na ce, "Ka gane. Winshinmu ba ya zuwa gidanka."

Ya leƙa ta bayana ya kira Miftahu, Balibiye ɗan'uwansa, ya ce ya zo ya ji abin da lebura ke faɗa. Miftahu ko tashi bai yi ba. Ya ci gaba da zuba shayinsa daga sama, ya ce, "Ka ji abin da usta ya ce."

Mutumin ya ja gilashi ya tafi. Samarin da ke wurin suka yi ta yi mini faɗa, wai na kori aiki, wai irin waɗannan ba a taka su, zai dawo. Na ce ya san inda nake zama, bakin titin nan ne kullum. Har yau bai dawo ba. An ce washegari ya samu wani mai winshi ya ɗora masa janareton. Ya ɗora. Ba ni ba ne.